Wanda Ya Durƙusar Da Mota, Ya Biya Ƙafarta Bashi

Yau gareji za mu leƙa, don haka kowa ya naɗe hannun rigarsa.

A ƙarshen daminar da ta wuce mun je rakiyar amarya, motoci goma sha wani abu a jere. A cikinsu akwai wata baƙar mota ta ƙanin wani abokinmu, ya durƙusar da ita har tayoyinta sun shige cikin madigadi, ko yatsu biyu ba za su shiga tsakani ba. Maganar gaskiya ta yi kyau. Yara suna binta da ido, 'yan mata suna ɗaukar hoto a jikinta. Da muka iso tudun rage gudu na farko sai ta tsaya cak. Ya karkata ta, ya hau da taya ɗaya bayan ɗaya, cikinta yana ƙara kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. A tudu na biyu sai da ƙawayen amarya uku suka sauka, suka tsallaka da ƙafa, sannan suka sake shiga. Kowa ya yi dariya, har da mu.

Bayan sati uku dariyar ta ƙare. Yana dawowa daga wata tafiya da dare, ya shiga wata doguwar kwana da gudun da kowace mota take shigarta da shi. Tayar gaba ta daki wani faci da ya kumbura a kwalta, motar ta yi tsalle, ta ƙi bin sitiyari, ta tafi gefe ta faɗa kwalbati. Allah Ya kiyaye rai. Shi ya karye a kafaɗa, na gefensa ya sha ɗinki a goshi. Da aka janyo motar gareji aka ɗaga ta, mun leƙa ƙarƙashinta da idonmu. An yanke sifirin huɗu da injin yanka ƙarfe, an mayar da su. Shokazoba ta kamfani tana nan yadda take. Robar da ke tare dukan ƙarshe ta niƙe ta zama gari. Aikin awa biyu aka yi masa, ya biya, ya tafi yana murna.

Ga matsayinmu tun daga farko, don kada a yi mana fassara. Ba mu da rigima da wanda yake son motarsa ta zauna ƙasa. Rigimarmu da rabin aiki ce. Duk santimita ɗaya da ka rage wa mota na tsayi, daga filin motsin ƙafarta ka ranto shi, kuma bashi ne da ake biya ta hanyar gyara mazaunan da ƙafar take ɗaure a jikinsu. Wanda ba shi da halin biya, ya bar motar yadda ya same ta.

Bari mu fara da abin da ake cin bashinsa. Tayar mota ba a kafe take a jiki kamar ta amalanke ba. Tsakanin taya da jikin mota akwai abin da kanikawa ke kira ƙafa: sifirin da ke ɗauke da nauyi, shoka da ke kashe rawar sifirin, da hannuwan ƙarfe da ke riƙe taya kada ta bar layinta. Idan mota tana tsaye, ƙafar tana tsakiyar hanyarta ne. Tana da fili a sama, inda taya za ta shige idan ta hau tudu. Tana da fili a ƙasa, inda za ta miƙe idan ta tarar da rami. Amfanin filin nan shi ne taya ta ci gaba da manne wa kwalta ko da kwaltar ba ta miƙe ba. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba, kuma ta waɗannan tafukan huɗu ne birki yake kamawa, sitiyari yake juya mota. Tayar da ke iska ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

A ƙarshen filin sama akwai wata 'yar roba da aka zura a sandar shoka, mu kira ta robar iyaka. Aikinta ta tare dukan ƙarshe, sau ɗaya a jima, ranar da aka faɗa mugun rami. Ba a yi ta don mota ta zauna a kanta ba. Da zarar ƙafa ta kai gare ta ta matse ta, sifirin ya tashi daga aiki, mota ta koma amalanke. Nauyin da ke kan wannan tayar sai ya yi tashin gwauron zabo nan take, jikin motar ya yi sama, sannan tayar ta yi sakayau na ɗan ƙiftawar ido. A miƙaƙƙen titi duka kawai za ka ji a ƙugu. A cikin kwana kuwa, wannan ƙiftawar idon ta isa mota ta bar hannunta.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ɗauka motarka tana da filin sama na milimita 80, kuma sifirinta yana matsewa milimita 1 duk lokacin da aka ɗora masa kilo biyu da rabi. Ke nan kowace taya za ta karɓi ƙarin kilo 200 kafin ta kai iyaka. Sai bakanike ya yanke zagaye 2 daga cikin zagaye 8 na sifirin, motar ta sauka da milimita 50. Zai ce maka yanka yana ƙara wa sifirin tauri, kuma gaskiya ya faɗa. Zagaye 6 sun fi zagaye 8 tauri da kashi ɗaya cikin uku, don haka yanzu kowace milimita tana cin kilo uku da ɗoriya. Amma filin da ya rage milimita 30 ne kacal. Ka ninka, za ka samu kilo 100. Abin da ƙafar za ta iya shanyewa ya koma rabi. Ƙawayen amarya uku a kujerar baya sun kusa kilo 200, wato kusan 100 a kan kowace tayar baya. Ashe tun kafin motar nan ta tashi daga ƙofar gidan biki, a kan robar iyaka take zaune.

Yanka yana da wasu illolin bayan wannan. Sifirin da ya gajarce yakan saki idan taya ta miƙe ƙasa gaba ɗaya, ya goce daga kwanonsa, ya dawo a karkace. Shokar kamfani kuma da taurin sifirin na asali da tsayin mota na asali aka auna ta. Yanzu tana aiki a can ƙarshen hanyarta, ba ta daɗewa take fara zubar da mai. Mafi muni su ne masu gasa sifirin da wutar walda har ya yi ja ya zauna. Ƙarfen sifirin da wuta aka hore shi a masana'anta, a kan ma'auni. Ka sake gasa shi ka kashe horon, zai yi ta zama ba bisa ƙa'ida ba, wata rana ya karye.

To yaya ake biyan bashin? Shoka kamar famfon keke take, bututu da sandar da ke shiga cikinsa. Bututun yana ɗaure a ƙafa. Kan sandar yana ɗaure a jikin mota, a wani mazauni mai roba, na gaba a ƙarƙashin bonet, na baya galibi ta cikin but. Idan mota ta sauka, mazaunin ya matso kusa da bakin bututu, filin da ke tsakaninsu ya ragu. Dabarar ita ce a ɗaga wurin da kan sandar da robar iyaka suke, a bar wurin da sifirin yake tokare yadda yake. Tunda sifirin ne ke yanke tsayin mota, za ta ci gaba da zama ƙasa yadda mai ita yake so, ita kuwa shoka ta samu filin da aka ƙwace mata.

Motar da aka fi sanin wannan aiki a kanta ita ce Mazda MX-5, wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da Japan ta fitar a 1989. Tun daga kamfani filin ƙafarta ta baya gajere ne, don haka duk wanda ya durƙusar da ita sai ya tarar tana hawa robar iyaka a kowace kwana. Masu ita a Amurka da Turai suka gano cewa mazaunin shoka na samfuri na biyu, wanda ya fito a 1998, yana shiga na farkon kuma yana ba da ƙarin fili. Daga baya ƙananan masana'antu suka shiga ƙera mazaunai masu tsawo da alminiyam, kamar hula mai zurfi, musamman don wannan matsala. A irin ƙafar wannan motar shoka ba a bakin taya take ba, tana can ciki a kan hannun ƙarfe, saboda haka santimita 2 da aka samu a shoka sukan zama kusan 3 a taya. Wanda ya tuna lissafinmu na ɗazu ya san abin da santimita 3 suke nufi ga motar da santimita 3 ɗin kaɗai suka rage mata.

Sai dai ɗaga mazauni ba ya ƙara wa shoka tsawon hanya, matsar da ita kawai yake yi. Abin da ka samu a sama, ka rasa shi a ƙasa. Idan ka wuce gona da iri, taya ba za ta iya miƙewa ta bi rami ba, ka gudu daga wata matsala ka faɗa ƙanwarta. Shi ya sa ake haɗa wannan aiki da shoka mai gajeren bututu, wadda aka ƙera don motar da ta sauka, da sifirin da aka ƙera gajere tun asali, da gajeriyar robar iyaka mai laushin farko. Da yawa daga masu wannan sana'a suna neman kusan kashi biyu cikin uku na hanyar shoka ya kasance a sama, kashi ɗaya a ƙasa. Cire robar gaba ɗaya don a samu fili ganganci ne, domin dukan da take tarewa zai sauka ne a kan bawul ɗin da ke cikin shoka da kan ƙarfen jikin mota.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne yake bambanta gwani da ɗan koyo. A cire sifirin, a mayar da shoka da taya, a sa jak a ɗaga ƙafar a hankali tun daga ƙasa har ƙarshen sama, ana juya sitiyari dama da hagu. A duba mene ne yake fara taɓawa. Dole robar iyaka ce za ta riga kowa. Idan taya ce ta fara gugar madigadi, ko hannun sama ya daki jikin mota, ko tiyon birki ya miƙe ya ɗaure, to an ɗaga mazaunin fiye da kima. Bayan an haɗa komai, a ɗaura 'yar igiyar roba a sandar shoka, a tura ta ƙasa, a zaga gari a dawo. Inda aka tarar da ita, nan ne iyakar inda ƙafar ta kai. Idan kullum tana manne da robar iyaka, bashin bai biyu ba.

Wannan rabin labarin ne, domin fili daban, riƙon hanya daban. Yawancin motocin da ke titunanmu, su Golf da Corolla da Camry, ƙafarsu ta gaba irin wadda ake kira MacPherson ce, sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson. Ford Consul ta Ingila, wadda aka nuna a 1950, tana cikin motocin farko da suka fito da ita. A wannan tsari shoka ita ce ginshiƙin ƙafar, a sama mazauninta, a ƙasa hannu guda ɗaya, wanda kanikawa ke kira lowa-am. Kamfani yakan bar wannan hannun a miƙe, ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya. Idan aka durƙusar da mota sosai sai ya juye, ɓangaren taya ya fi na ciki tsayi. Daga nan abubuwa biyu suke lalacewa.

Na farko shi ne karkata. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, tana kuma da wata cibiyar a ƙasa da ita wadda jiki yake karkata a kanta idan an sha kwana. Tazarar da ke tsakaninsu kamar tsawon sifana ce, kuma kowa ya san doguwar sifana ta fi gajera murɗa noti. A ƙafar MacPherson, idan mota ta sauka, cibiyar karkata takan faɗi fiye da yadda cibiyar nauyi ta faɗi, sifanar ta ƙara tsawo. Sai ka ga mota a ido ta zauna daram, a kwana kuma tana neman kwanciya fiye da da, tayar waje tana tsayawa a gefenta maimakon ta shimfiɗa tafinta a kwalta. Maganinsa shi ne bol-join mai dogon wuya, wanda yake mayar da bakin hannun ƙasa inda yake tun asali.

Na biyu shi ne sitiyari mai gaban kansa. Sandar da ke tura taya daga sitiyari, wato tayarod, an jera ta ne ta riƙa hawa da sauka tare da hannun ƙasa, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. Idan kwanciyarsu ta saɓa, duk lokacin da taya ta hau tudu sai sandar ta ja ta ko ta tura ta, mota ta juya alhali direba bai motsa hannunsa ba. Don haka wanda ya gyara bol-join bai gyara kan tayarod daidai da shi ba, gyaran gangar auzinawa ya yi. A wasu motocin, musamman a-kori-kura na Amurka da tsofaffin Volkswagen Beetle, akwai hanya mafi tsafta: a sauya ƙarfen da taya take juyawa a kansa da wani wanda aka ɗaga masa cibiya. Mota ta sauka, hannuwa da shoka suna nan inda kamfani ya bar su.

A baya ma akwai lissafi. Motar da tayoyinta na baya suke kan aksul guda, kuma sifirinta mai zagaye ne, galibi tana da wata sanda a gicciye, sandar Panhard, mai hana aksul ɗin zamewa gefe. Idan mota ta sauka, kwanciyar sandar ta sauya, ta tura aksul ɗin gefe guda, sai an matsar da mazauninta ko an sa mai ƙari da ragi. Akwai kuma wani abu da mutane kaɗan suke tunawa da shi. Tsofaffin motoci da yawa, da a-kori-kura irin Hilux ta da, suna da wani bawul a kusa da aksul na baya wanda yake auna yadda mota ta zauna. Idan ta zauna ƙasa, sai ya ɗauka kaya aka labta mata, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka durƙusar da irin wannan motar ba ka daidaita bawul ɗin ba, ranar da ka taka birki da ƙarfi tayoyin baya ne za su fara ƙullewa, bayanta ya zagayo gaba. Bayan duk wannan, a sassauta notocin bushin, a sauke mota a kan tayoyinta sannan a ɗaure su, don kada robar ta zauna a murɗe. A yi alaimen. A daidaita fitilu.

Mun san abin da wasunku za su ce: injiniyoyin kamfani sun fi kowa sani, a bar mota yadda ta zo. Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma ga yawancinmu ita ce shawarar da ta dace. Amma mun ga inda wa'azin hani ya kai mu. Saurayin da ya ƙudura sai ya durƙusar da motarsa zai durƙusar, kuma idan babu mai gaya masa yadda ake yi, wurin mai injin yanka zai tafi. Ƙari a kan haka, sauke mota kaɗan, santimita 2 ko 3, da kayan da aka ƙera don haka, abu ne da kamfanonin da kansu suke yi a samfuransu na gudu. Saukar cibiyar nauyi tana rage nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana. Amfanin na gaske ne, idan an biya kuɗinsa.

Wasu kuma za su ce taɓa mazauni ya fi yanka sifirin haɗari. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba za mu kauce mata ba. Gidan da kan shoka yake zaune yana ɗauke da nauyin kusurwar mota da duk dukan da titi yake aikowa. Masu tsofaffin BMW irin E36 da E46, waɗanda matasanmu suke so wajen wasan mota, sun san mazaunin shokar baya yakan tsage ko ba a taɓa shi ba, har ana sayar da faranti na musamman don ƙarfafa wurin. To ina ga wanda aka yanke aka sake haɗawa da waldar ƙofar gida? Ƙarfen jikin mota siriri ne, walda mai zafi tana ƙona shi, kuma wurin da aka ƙona ba a rufe da fenti ba tsatsa ce za ta gaje shi. Saboda haka a bi abin daki-daki. A fara da rage yawan saukar. Idan bai isa ba, a sa gajeriyar shoka da gajeriyar roba. Idan bai isa ba, a sa mazauni mai tsawo wanda ake ɗaurewa da noti a ramukan kamfani. Yanka gidan shoka shi ne na ƙarshe, aikin motar tsere ne, kuma ba kowane mai walda ne zai taɓa shi ba. Wanda saukar da yake so ba za ta yiwu ba sai da wannan, ya haƙura da saukar.

Sai masu cewa, motata ce, kuɗina ne, ƙuguna ne yake shan dukan. Da a filin gidanka kake tuƙi da mun yi shiru. Amma titin da kake bi akwai mai adaidaita sahu ɗauke da 'yan makaranta, akwai mai babur da matarsa a baya. Wanda ya sha ɗinki a goshi a labarinmu ba shi ya zaɓi a yanke sifirin ba, rage masa hanya kawai aka yi.

Waɗanda muka kwaikwayo wannan ado daga wurinsu ma ba su tsaya a yanka ba. Matasa 'yan asalin Meziko da ke Los Angeles ne suka shahara da durƙusassun motoci bayan yaƙin duniya na biyu, kuma a hankali suke tafiya da su, don a gani. A 1958 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da gindin wili. A 1959 wani matashi mai suna Ron Aguirre ya sa wa motarsa Corvette famfunan mai da aka ciro daga jiragen sama, yana ɗaga ta yana sauke ta daga kujerarsa. Haka al'adar ta rayu, da injiniyanci, har aka janye dokar daga watan Janairun 2024. A Jamus, inda Golf ɗinmu ta fito, wanda ya sauya ƙafar motarsa sai kayan sun kasance masu takardar amincewa, kuma galibi sai masu duba motoci irin na TÜV sun gani an shigar a takardun motar. Ko a tseren Formula 1, inda motoci suke gudu a titi mai santsi kamar faranti, akwai iyaka. A 1994 aka fara manna wani allo mai kaurin milimita 10 a cikin kowace mota, aka kuma ce idan ya cinye fiye da milimita 1 za a kori direba. A kan haka aka ƙwace nasarar Michael Schumacher a Beljiyam a 1994, aka kuma soke sakamakon Lewis Hamilton da Charles Leclerc a Austin a 2023.

Mu kuwa titunanmu mun san su. Ba banza ba Peugeot 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo, ta yi sarauta a ƙasar nan. Ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa motocin kamfanin a Kaduna a 1975, kuma a wannan shekarar ta ci tseren Safari na Kenya. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne doguwar ƙafa mai yalwar fili, wadda take shanye rami ba ta kai ƙara wurin fasinja. Saukar da ta dace da titin Jamus ba ita ce ta dace da titin da ruwan Agusta ya cinye ba. Kuma kada mu ɗora wa matasa laifin su kaɗai. Golf ɗin hayar da aka labta wa buhunan masara da fasinja bakwai, bayanta yana shafar ƙasa, ita ma durƙusasshiyar mota ce. A kan robar iyaka take tafiya, kuma lissafin da ya kayar da waccan shi ne yake jiran wannan.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kai mai mota, kafin a kwance noti ko ɗaya, ka tambayi bakanike: milimita nawa ne filin sama yanzu, nawa zai rage bayan aikin, kuma ta ina za a mayar da abin da ya tafi? Idan ya ce kada ka damu, to ka damu, ka ɗauki makullinka. Ka ƙirga kuɗin shoka da mazauni da bol-join da alaimen tun kafin ka je Ƙofar Ruwa ko Fanteka, domin araha ba ta ado. Kai kuma malam bakanike, hannunka amana ce. Ka sayi ma'auni, ka koyi gwajin jak, ka koya wa yaranka, kuma ka iya cewa a'a ga aikin da ka san rabi ne, ko da maƙwabcinka zai karɓa. Mu ma da muka tsaya muna dariya ranar biki muna da namu kason. Motar da sai fasinja sun sauka take haye tudu ta riga ta faɗi abin da ke damunta, babu wanda ya saurara a cikinmu.

Ƙanin abokin namu ya warke, sai dai idan sanyi ya sauko kafaɗar takan tuna masa. Ya sayi wata motar, kuma ita ma ya sauke ta, domin mai hali ba ya fasa halinsa. Amma wannan karon santimita 3 ya sauke, da gajeriyar shoka da sifirin da aka ƙera don haka, ya kuma tsaya a kan bakaniken har aka yi gwajin jak a gabansa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ɗauke mu, mu huɗu, muka haye tudun nan na farko babu wanda ya sauka.

Waɗanda suka taɓa yin wannan aiki a cikinmu, da kanikawan da ke wannan zaure, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku. Allah Ya kiyaye mu a hanya, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.